Shekarar da Aka Yi Wa Kwamfuta Dubiya

Ku 'ya'yana da jikokina, na san abin da ake faɗa muku a gidajen biki. An ce uwarku ta shayar da kwamfuta rubutu har ta mutu. An ce na goya ta na kai wa boka a Safana ya tashe ta. An kuma ce na ɗaga wa yayan ubanku muciya. Na farko ƙarya ce, na biyu ƙarya ce mai ɗankwali, na ukun kuwa akwai muciya a ciki, amma ban ɗaga ta ba, riƙe ta kawai na yi. Tunda Allah Ya sa na iya rubutu kafin a rufe ni da ƙasa, zan rubuta yadda aka yi da hannuna. Wanda ya ga ba haka ba ne, ya shiga aji ya koyi nasa rubutun ya ƙaryata ni.

A Wagini aka haife ni, a gidan da ake auna darajar yarinya da yawan waken da ta roro, ba da baƙin da ta sani ba. Aure ya kawo ni Batsari gidan ubanku, Malam Sule mahauci, na yi ta sayar da daddawa har furfura ta fito mini. Sai da na yi jikoki sannan na shiga ajin yaƙi da jahilci, wanda Malama Rabi ke koyar da mu a wani ɗakin firamare bayan yara sun tashi. Mu mata ne zalla, daga mai goyo sai mai sanda. Aka naɗa ni shugabar aji, ba don na fi kowa karatu ba, don na fi kowa murya.

A farkon daminar shekarar da nake ba ku labari, wasu mutanen ƙungiya suka zo da farar mota suka kawo mana kwamfuta guda. 'Yar mitsitsiya ce, ba ta wuce farantin tuwo ba, gilashinta na rabuwa da madannai kamar murfin kwano. Babu wanda ya taɓa jin sunan masu ƙera ta, hoton wani kifi ne kawai a bayanta. Amma tana magana da Hausa. Ta nuna baƙi ta faɗe shi, ka maimaita, in ka yi kuskure ta ce ka sake, ba ta gajiya, ba ta tsaki. Tsofaffin da ke jin kunyar tambayar Malama sai suka riƙa layi a gabanta. Masu farar motar suka ce za su dawo bayan kaka. In sun tarar da ita da rai, mata na aiki da ita, za su ci gaba da riƙe Malama Rabi, su ƙaro wasu. In sun tarar ta mutu, akwai garuruwan da ke jira, can za su mayar da ajin. Cikin murmushi suka faɗa, amma mun ji. Ɗakin firamaren ba shi da ƙofa, ni kuma ina da sola, sai amana ta faɗo kaina. A cikin babbar kwallata ta aure nake ajiye ta, na rufe da murfi.

Ciwon ya fara ne ranar da Malama Rabi ta haɗa ta da wayarta don ta sauko mana da sabon darasi. Kwamfutar ta ce za ta sabunta kanta, ta yi ta zagaya wani ɗan zobe a gilashi, ta gama. Tun daga ranar ta kama suma. In kana taɓa ta, lafiya lau. Ka bar ta ka je ka juya tuwo ka dawo, sai ka tarar ta sandare, ido buɗe, ba ta ji ba ta gani. Sai an danne maɓallinta kamar ana maƙure kaza sannan ta mutu, a sake kunnawa.

Wata safiya a bakin famfo, maƙwabciyata ta tambaye ni me ya sa fuskata ba walwala. Na ce mata abin nan na aji ne ba ya jin daɗi. Iyakar abin da na faɗa ke nan. To ku kun san Batsari. In aka ce wane ba ya jin daɗi, zuwa dubiya wajibi ne, kuma ba a zuwa dubiya da baki kawai, kowa da maganin da ya warkar da ƙanin kakarsa. Mai jinya kuma ba ya cewa a'a. Ka karɓa, ka gode, ka sha a gaban mai kawowa, ko da cikinka ya riga ya cika da saiwar mutum biyar. Kafin azahar tsakar gidana ta cika da takalma.

Matan ba su yi ɓarna ba, Allah Ya saka musu. Wata ta ce sanyin damina ne, a lulluɓe ta da bargo. Wata ta ce zafi ne, a ajiye ta gindin randa. Wata tsohuwa ta leƙa cikin kwallar ta ce, "Sannu, baiwar Allah," ta tofa mata addu'a daga nesa. Ita ce ta zo da rubutu a ɗan kwano, na karɓa na gode, na shanye da kaina tunda mara lafiyar ba ta da baki. Ga asalin maganar rubutun nan da kuke ji.

Maza ne suka kashe ni. Na farkonsu Ɗanlami mai cajin waya a bakin kasuwa. Ya zo da sallamarsa da ladabinsa, ya durƙusa ya gaishe ni.

"Inna, ai wannan ƙaramin abu ne. Saiti ne ya goce."

Ya kunna ta yana dannan wani maɓalli da sauri kamar mai kiɗan kalangu, sai ga wani shuɗin shafi da ban taɓa gani ba, cike da Turanci. Duk abin da ya tarar a kunne ya kashe, duk abin da ya tarar a kashe ya kunna. Ya ce in sha Allahu an dace. Da ya tafi, sumar na nan, sannan murya ta ɗauke. Ta nuna baƙi ta yi shiru, kamar amaryar da ba a sayi bakinta ba.

Na biyu shi ne mijin babbarku, wanda ba zan rubuta sunansa ba ko da alƙalami ne, suruki suruki ne. Yana aiki a sakatariya, yana da kwamfuta babba a ofis, kuma mutumin kirki ne, wannan ba na ja. Ya zo bayan la'asar da filas a aljihu, ba na shayi ba, ɗan ƙarfen nan kamar yatsa da ake ɗauko kayan cikin kwamfuta da shi. Ba ya iya haɗa ido da ni, ba na iya yi masa magana kai tsaye. Aka kai masa kwamfutar zaure, ni ina bayan katanga, ubanku yana tsakiya yana kai saƙo kamar dillali.

"Ya ce zai share komai ya zuba sabo fil," in ji ubanku.

"Malam, ka ce masa ya bi a hankali."

Ubanku ya juya ya ce, "Ta ce Allah Ya yi maka albarka."

Na yi tari. Na sake yin tari mai ƙarfi, irin wanda ko jaki ya ji ya san ana nufin a tsaya. Sai na ji surukina yana cewa ƙasa-ƙasa, "Baba, Inna ma ba ta jin daɗi ne? Gobe zan aiko da maganin tari." Ya kuwa aiko, na kuma sha.

Ya share, ya zuba sabon, ya kashe ya kunna. Gilashi ya yi baƙi ƙirin, da ɗan layin rubutu fari guda a can sama. Ya sake, haka. Ya sake, haka. Daga baya ya ce wa ubanku wataƙila tana buƙatar hutu, ya sa takalmi ya fita da sanɗa. Da ma tana suma tana farfaɗowa, yanzu ko tashi ba ta yi.

Gero ya riga ya fara fitar da kai. Matan aji suka daina tambayata, kallo kawai suke yi, kuma kallon ya fi tambaya ciwo. Malama Rabi ta rame. Wata a cikinmu da ta kusa iya rubuta sunan 'ya'yanta duka ta same ni ta ce, "Shugaba, saura suna biyu fa."

Sai na tuna da Binta, 'yar yayana da ke Safana. Ta yi karatun kwamfuta a Katsina, tana aiki a can, ta zo gida wankan haihuwar fari. Na kira ta a waya. Ba ta ce in kawo ba, ba ta ce ƙaramin abu ne ba. Tambaya ta yi ta yi: wa ya fara taɓawa, me ya yi, me ya canza bayan ya yi, wa ya biyo. Wannan kuwa ban manta ko ɗaya ba, don mai jinya dole ta riƙe wanda ya zo dubiya da wanda bai zo ba. Sannan ta karanta mini abin dalla-dalla.

"Gwaggo, abu uku ne a cikinta. Akwai famwaya, shi ne abin da aka haife ta da shi, yana manne a jikinta tun daga masana'anta. In an kunna, shi ke fara farkawa. Sai ya tashi butloda, ɗan aiken da ba shi da aiki sai ya je ya taso kanel. Kanel kuwa ita ce uwar gida, ita ta san inda murya take, inda gilashi yake, inda madannai suke. Butloda da kanel, ko an ɓata su sau goma ana sake zubawa. Amma famwaya, in aka zuba mata na wata, ta tafi ke nan. Ko ni ba ni da abin tashinta. Ki rantse mini ba za ki bar kowa ya taɓa shi ba."

Na rantse. Na ce jibi ina tafe.

Washegari da hantsi ina tuƙa tuwon masu aikin gona, sai na ji sallamar Alhaji Mamman, yayan ubanku. Ku da kuka san shi kun san ba a zama in yana tsaye. Shi ya riƙe ubanku bayan rasuwar mahaifinsu, shi ya kai kuɗin aurena Wagini a kan jaki. Tun da na shigo gidan nan ban taɓa ɗaga ido na dube shi ba. Ya shigo da wani dogon mutum mai jaka, wanda ya ce Injiniya ne daga Jibiya, mai gyaran waya da dish na talabijin. Alhaji ya ɗauko shi takanas, ya biya masa mota, saboda ya ji iyalin ƙaninsa na cikin damuwa. Ku lura da wannan, don alheri ya yi nufi.

Na durƙusa na gaishe su, muciya na hannuna don ban sami inda zan ajiye ta ba. Ubanku ya shiga ya ɗauko kwamfutar. Injiniya ya juya ta, ya ga kifin, ya gyaɗa kai.

"Na san irinta. Akwai mai hoton tsuntsu, kusan uwa ɗaya uba ɗaya ne. Ina da famwayan waccan a nan, in na ɗura mata yanzu za ta miƙe."

Na tuna rantsuwar da na yi wa Binta. Na ce, kaina a ƙasa, "Na wannan ɗin ne, ko na mai tsuntsu?"

"Hajiya, ai duk ɗaya ne. Kusan."

"Yaya Alhaji, a yi haƙuri. Ba za a ɗura ba."

Ubanku ya dube ni kamar na fito ba zane. Alhaji bai dube ni ba, ƙaninsa ya duba.

"Sule, mi ta ce?"

"Ta ce... ta ce an gode, Yaya."

"Ban ce ba," na ce. "Na gode da zuwa, na gode da mota, Allah Ya bar zumunci. Amma ba za a ɗura ba."

Na miƙe na karɓe ta daga hannun Injiniya, na mayar cikin kwalla, na tsaya a ƙofar ɗakina. Muciyar tana hannuna, tuwo na ɗiga daga kanta. Ban ɗaga ba. Wanda ya ce na ɗaga, mu haɗu gaban Allah. Alhaji ya gyara babbar rigarsa ya ce tun da yake bai taɓa kai magani gida an mayar masa da shi ba, ko gidan maƙiyinsa. Ya ce wanga karatun tsufa ga abin da yake haifarwa. Ya fita, Injiniya ya bi shi, tuwona ya ƙone. Ubanku ya zauna a kan turmi ya riƙe kai.

"Asabe, da kin bari an ɗura, ta mutu, ai kowa ya san ƙaddara ce."

"In ta mutu ajinmu ya mutu, Malam. Ƙaddarar da na gani tana tahowa da jaka ba zan buɗe mata ƙofa ba."

Ranar tafiya Safana hadari ya haɗu. Na naɗe ta da leda, na naɗe da zane, na rasa inda zan riƙe ta a kan babur ba ta jijjiga ba. Sai na goya ta, na ɗaure da majanyi, na yafa mayafi. Hanyar a shekarun nan sai da addu'a saboda ɓarayin daji, ɗan acaɓa ba ya son tsayawa ko'ina, amma a wani shinge 'yan sintiri suka tsayar da mu. Ɗayansu ya dubi furfurata ya dubi bayana.

"Inna, jika ne? Ya jikin nasa?"

"Da sauƙi."

"Ba ya ko motsi. Akwai wani sassaƙe da ake..."

"An ba shi," na ce. "Ja mu tafi."

A Safana na tarar da wata matsalar, sunanta Delu, matar yayana, uwar Binta. Ni da Delu mun shekara talatin muna tsokanar juna, ba ta taɓa cin nasara ba sai ranar. Ta tsaya a ƙofar ɗakin mai jego, hannu a ƙugu.

"Ba za ta kalli gilashi ba. Mai jego ɗanyen ido gare ta. Kina so ɗiyata ta makance saboda farantinki?"

"Delu, ke da ko agogo ba ki iya dubawa, ina kika san abin da gilashi ke yi?"

"Na san abin da muciya ke yi, labari ya riga ki isowa."

Binta ta yi ta dariya daga ciki har jaririn ya farka. Ita ta raba mu. Ta ce za ta juya baya tana ba da nono, ni in zauna da kwamfutar in karanta mata abin da na gani, in danna abin da ta ce. Na ce ni Hausa na koya, wannan Turanci ne. Ta ce baƙaƙen ai ɗaya ne, in kira su ɗaya bayan ɗaya, ita za ta haɗa. Haka muka zauna baya da baya kamar masu gaba, Delu na gadinmu da ludayi.

Ta ce in zaro filas daga jakarta. Na ce, "Wani filas kuma?" Ta ce, "Gwaggo, nawa ba ya shiga sai mun san ciwon. Kuma abu ɗaya za mu canza, mu duba, sannan mu taɓa na gaba. In kin sha magani biyar kika warke, wanne za ki gode wa? In kika mutu, wanne za a zaga?"

Muka fara da ɓarnar Ɗanlami. Ta sa na shiga shuɗin shafin nan, na nemo layin da ke mayar da komai yadda aka haife shi, na danna. Muka kunna. Baƙin gilashi dai, da farin layinsa. Na karanta mata shi baƙi-baƙi, ina yi ina gumi. Ta ce yana cewa bai ga wanda zai tasa ba. Ta sa na koma shuɗin shafin na karanto mata wani layi a can ƙasa, da na kai kan lamba talatin da biyu sai ta buga cinya.

"Na kama shi! Gwaggo, wannan 'yar taki baƙuwar halitta ce. Cikinta na zamani ne, mai sittin da huɗu, amma famwayanta mai talatin da biyu ne. Ƙofarta ƙarama ce. Mijin Yaya ya zuba mata butloda na manyan kwamfutoci irin ta ofishinsu, famwaya ya leƙa bai gane shi ba, ya koma ya zauna. Ba laifinsa ba ne, a cikin kwamfuta ɗari da wuya ki sami ɗaya mai wannan hali."

Na ji daɗin wannan magana, don ina son in wanke surukina ko ba zan iya gaya masa ba. Filas ɗinta na da ɗan ƙaramin butloda mai shiga ƙaramar ƙofa. Da shi muka tashe ta, sannan ta yi ta kira mini baƙaƙe ina dannawa da yatsa ɗaya har muka dasa mata shi a ciki. Na yi kuskure ba sau ɗaya ba. Wani wuri na bar fili inda ba a so, kwamfutar ta ƙi, Binta ta ce in karanto abin da na rubuta, muka gano. Delu ta ce ko kaza na tsattsaga ta fi ni sauri. Muka zare filas, muka kunna. Gilashi ya yi haske, ya kawo hoto. Na yi guɗa, jariri ya tsala kuka, Delu ta kore ni waje na ɗan lokaci.

Darussanmu suna nan, ashe a wani ɗan kati suke a gefenta, sharar surukina ba ta kai can ba. Amma murya babu. Binta ta ce mutum biyu ake zargi, saitin Ɗanlami da sabuwar kanel, mun riga mun wanke na farko, saura ta biyu. Ta ce kanel ɗin da aka zuba sabuwa ce fil, ba ta san maƙogwaron wannan baƙuwar ba. Muka sa wata da ta ɗan kwana biyu daga filas ɗinta, muka zaɓe ta a jerin da butloda ke nunawa. Ina taɓa baƙin farko, sai muryar nan ta cika ɗaki. Delu ta saki ludayi ta ce a'uzu billahi.

Na fara naɗe zane zan goya. Binta ta ce, "Ina za ki? Ciwon farko fa? Ajiye ta, ki je ki taya Inna dama kunun kanwa." Muka dama, muka dawo. Ta sandare, ido buɗe. Na ji kamar in zauna in yi kuka a gaban Delu, abin da ban taɓa yi ba.

"Yauwa," in ji Binta, kamar an yi mata albishir. "Yanzu ciwo ɗaya ya rage, kuma mun san lokacin da yake zuwa. In ba a taɓa ta, kanel na sa ƙwaƙwalwarta barci don a tanadi caji. Tsohuwar da masu ƙungiya suka zuba an hana ta barci mai nauyi, sabuntawar nan ce ta goge hanin. Irin wannan ƙwaƙwalwa in ta yi nisa a barci ba ta iya dawowa. Za mu rubuta wa butloda saƙo, duk sanda ya je taso kanel ya gaya mata: gyangyaɗi kawai, ban da barci."

Layi ɗaya ne, da ɗigo a tsakiya, da wata 'yar sanda a kwance a ƙasa wadda na sha wuya kafin na gano inda take. Na rubuta, na karanta mata, ta ce daidai. Muka ajiye ta. Aka yi wa Binta wankan yamma da ruwan zafi da ganye, aka ci gasasshen nama da yaji, na yi sallar la'asar, na ƙi ko kallon inda take. Da na dawo na taɓa ta da ɗan yatsa, ta amsa. Binta ta ce abin da za mu biya shi ne caji, zai riƙa saurin ƙarewa tunda ba ta barci sosai. Na ce rana ba ta ƙarewa a Batsari.

Bayan an kai gero rumbu masu farar mota suka dawo. Suka tarar da mata a layi, kwamfuta na faɗa ana maimaitawa, mai 'ya'yan nan ta rubuta musu sunayen duka a allo har da na wanda ke ciki. Suka yi murna, suka ce aji ya zauna. Sai wani saurayi a cikinsu ya zuge jaka ya zaro filas, ya ce tukuici ne, zai sabunta mana ita kafin su tafi. Matan aji gaba ɗaya suka juyo suka dube ni. Ranar ba muciya, alli ne a hannuna. Na ce masa ya zauna ya sha fura, ga lambar Binta, in sun gama magana ta ce a zuba, a zuba. Ya kira ta a gabana. Ya daɗe yana cewa to, to, sannan ya mayar da filas ɗinsa jaka.

Abin da ya ci mini kuwa, kun gani da idonku ko ba ku san dalili ba. Alhaji Mamman bai sake cin abincin hannuna ba. Da Sallah in na aika tuwo, kwanon ya dawo yadda ya tafi. Na je har gida na durƙusa na ba shi haƙuri a kan fuskar da na ɓata masa a gaban baƙo, ya ce in ce na yi kuskure da na hana. Na ce wannan kam ban yi ba. A haka muka zauna har ciwon ajalinsa. Na je dubiya hannu rabbana, ban kai ko saiwa ba. Na tarar da gefen gadonsa cike da kwalabe da ƙulle-ƙulle, kowa da nasa. Ya dube ni, karo na farko ido cikin ido, ya ce da ƙaramar murya, "Asabe, da kin zo da muciyar nan kin tsaya mini a ƙofa." Muka yi dariya har tari ya sarƙe shi. Allah Ya jiƙansa, Ya sa ya huta.

Kwamfutar na nan a kwalla, ta tsufa, har yau gyangyaɗi take yi ba ta barci, kamar mai ita. Ku kuma ga wasiyyata tun ina da bakin faɗa. Ranar da na kwanta, ku bar kowa ya shigo ya gaishe ni, a ba shi tabarma da ruwa. Amma a fara tambayar me ya same ni kafin a buɗe mini baki, kuma magani ɗaya za a ba ni a jira a gani. Wadda za ta tsaya a ƙofa a cikinku, muciyar tana bayan randa. Ba sai ta ɗaga ba.